Daga Heathrow zuwa King's Cross da akwati biyu da saƙon Gwaggo: wa ya taɓa yi?

Abdurrahman Argungu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu fita. In Allah ya yarda ranar Talata ta sama zan tashi daga Abuja zuwa Landan, daga nan in wuce Leeds karatun digiri na biyu. Ban taɓa barin ƙasar nan ba, in ban da Gaya ta Nijar da muke shiga ta Kamba. Tikitina ya nuna za mu sauka Heathrow, Terminal 5, wajen uku saura na rana, jirgin ƙasa na Leeds kuma an ce daga King's Cross yake tashi.

Ga kayana: manyan akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, ƙaramin akwatin hannu, da jakar goyo mai kwamfuta. Sai jiya da dare Gwaggona ta aiko yara da gana-mas-go cike taf, saƙon ɗiyarta da ke aure a Manchester. Ban auna ba, amma da ƙyar na ɗaga ta. Ba mai taryata, iyali kuma ba za su bi ni ba, tunda tun Janairun 2024 aka hana masu irin karatuna tafiya da mata da yara. Zan iya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da waɗannan kaya ni kaɗai? Kuɗin hannuna ƙidayayyu ne.

Dakta Murtala Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a karatun. Shekarata ta huɗu ke nan a Sheffield, kuma hanyar nan ita nake bi duk zuwa gida.

Ka yi sa'a da abu ɗaya: layin Piccadilly daga Terminal 5 yake farawa, kuma yana bi ta King's Cross kai tsaye, ba canji. Wato jirgin zai tsaya gabanka kusan babu kowa a ciki, ka zaɓi wurin da kake so. Kusa da ƙofofi an bar ɗan fili saboda akwatuna, nan za ka ajiye, ka zauna a kujerar da ke manne da su. Tafiyar awa ɗaya ce ko ta ɗan gota. Kuɗinsa bai kai fam 6 ba a hawana na ƙarshe. Tashar Terminal 5 tana da lifta, King's Cross ma tana da su tun daga bakin jirgi har sama, sai dai ba guda ɗaya ba ce, za ka fita wannan ka ja kaya ta dogon lungu ka shiga wata. Ka bi alamar keken guragu, ita ke kai mutum wurin lifta.

Amma wannan duka da akwati biyu nake magana. Keken tura kaya na filin jirgi kyauta ne, sai dai akwai ƙarafan da aka kafa kafin shiga tasha, ba ya wuce su. Daga nan hannunka biyu ne kawai. Akwati ɗaya a dama, ɗaya a hagu, jaka a baya. Na ukun da wane hannu?

Alhaji Garba Kamba:
Dakta ka yi bayani, amma ni ban yarda da wagga shawara ba. Yaro bai taɓa fita ba, ya kwana bisa hanyar Yauri da Kontagora, ya yi awa shida cikin jirgin sama, sannan ku ce ya shiga rami da kaya? Abdurrahman, ɗauki tasi. Kuɗɗi don wahala anka yi su. Shekara goma sha ina zuwa Dubai da Guangzhou sarin kaya, ban taɓa jan akwati cikin jirgin ƙasa ranar da nis sauka ba. Araha ba ta ado.

Dakta Murtala Jega:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, lissafin ɗan kasuwa daban, na ɗalibi daban. Baƙar tasin Landan daga Heathrow zuwa King's Cross da wuya ya tsira ƙasa da fam 70, da yamma kuwa in hanya ta cushe mita ce ke ta ƙirga. Fam yana wasa kusa da naira 2,000. Ka buga ka gani. Wannan cefanen sati biyu ne ga mai dafa wa kansa. Kuma tasin a bakin tasha za ta sauke shi, har yanzu shi ne zai ja kayan zuwa jirgin Leeds.

Alhaji Garba Kamba:
To ba 'yan dako a tashar?

Maman Ilham:
Babu, Alhaji. Abin da ya fi ba ni wuya ke nan farkon zuwana. A Leeds nake aikin jinya, 'yar Birnin Kebbi ce ni. A gida ko Sakkwato za ka, mutum biyar ne za su raka ka tasha, wannan ya ɗauki jaka, wancan ya ɗauki leda, ɗan kamasho ya karɓa ya ɗaure a but, kai dai ka zauna a yi maka addu'a. Har ka girma ba ka taɓa sanin nauyin kayanka ba. Nan kuwa daga lokacin da akwatinka ya fito kan bel, kai ne da shi har ƙofar ɗakinka. Ba wai mutanen ba su da kirki ba ne, sau da yawa in sun ga mace da kaya a matakala wani zai kama mata. Amma ba abin dogaro ba ne, kuma da yamma kowa gudu yake kada jirginsa ya tashi.

Ƙanena, duba lokacinka da kyau. Ka sauka uku saura. Layin shige da fice a watan shigowar ɗalibai yana iya cin awa ɗaya ko biyu, ga jiran kaya. Ka ce huɗu da rabi ka shiga jirgi. Za ka iso tsakiyar gari biyar da rabi, daidai lokacin tashi daga aiki. Shiga ba zai yi maka wuya ba, kamar yadda Dakta ya ce. Fita ce matsalar. Tun wajen Hammersmith taragon zai fara cika, kafin ku kai Piccadilly Circus ba masaka tsinke. Da jirgi ya bar Russell Square ka miƙe ka kama akwatunanka, domin tasha ta gaba ita ce taka, kuma ƙofa ba ta jiran kowa.

Abdurrahman Argungu:
Na gode ƙwarai Anti. Wani abokina ya ce in hau layin Elizabeth, wai ya fi faɗi. Gaskiya ne?

Dakta Murtala Jega:
Gaskiya ne. Sabo ne, a 2022 aka buɗe shi, taragunsa manya ne, akwai na'urar sanyi, kuma duk tashoshinsa ba sai ka hau matakala ba. Na Piccadilly tsofaffi ne tun na shekarun 1970, rufinsu gajere, mutum dogo sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Amma Elizabeth ba ya bi ta King's Cross. Sai ka sauka Farringdon ka canza zuwa wani jirgin na tasha ɗaya. Kuɗinsa ya ninka na Piccadilly fiye da sau biyu, kuma daga Terminal 5 duk rabin awa yake tashi. Akwai kuma Heathrow Express, minti 15 daga tashar tsakiya ta filin jirgin zuwa Paddington, fam 25 a bara, sai dai Paddington ba ita ce tasharka ba, can ma sai ka sake shiga wani jirgin.

Ni a ganina ga mai kaya, canji ne abin gudu, ba tsawon zama ba. Kowane canji saukewa ne, ja ne, neman lifta ne, sake lodi ne.

Shamsu Bunza:
Wallahi Dakta ya faɗi gaskiya, ni abin ya faru da ni bara. Manchester zan je, jirgina daga Euston. Akwati uku na ɗauko, domin na biya kuɗin ƙarin kaya a Abuja ina ganin shi ke nan na gama. Wayata ta nuna mini hanya mafi sauri: in sauka Green Park in canza zuwa layin Victoria. Waya ba ta san nauyin da ke hannunka ba. Lungun da ke tsakanin layukan biyu dogo ne, sai in ja biyu in ajiye, in koma in jawo na ukun, ina waiwaye kada a ɗauke, ga shi kuma ana ta sanarwa kada kowa ya bar kaya ba mai shi. Da na gaji da neman lifta sai na hau matakala mai tafiya da kanta. Muna tsakiya akwati ɗaya ya suɓuce. Wani bawan Allah da ke ƙasana ya tare shi da ƙafa, da ba don shi ba akwai wata tsohuwa a bayansa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Tayar akwatin ta karye, na ƙarasa ina jan shi a ƙasa, jirgina kuma ya tafi ya bar ni. Tikitin mai rahusa ne, na jirgi ɗaya tak, sai da na sayi wani a ranar da tsada.

Malam Abdurrahman, kada ka hau wannan matakalar da akwati biyu, ko layin lifta ya kai ina. In kuma ka hau wata rana ba kaya, ka tsaya a dama, hagu ta masu sauri ce.

Hajiya Kulu Gwandu:
Sannunku 'ya'yana. Ina ta karatu tun ɗazu, kowa na maganar ƙarfe da taya, ba wanda yat taɓa maganar Gwaggo. Kun san abin da kuke cewa yaron ga ya yi? Ya je ya ce wa ƙanwar ubanai ba shi ɗaukar saƙonta. Matar da ƙila ita ta goye shi. Ɗiyarta tana can wata ƙasa, ba ta gane ta ba shekara da shekaru, ta zauna ta haɗa abin da hannunta ya iya. Ku kuna ganin kilo, ita tana ganin ɗiyarta. In ya bar jakar ga, ba a manta wa da shi har ya dawo, kuma uwatai ce za ta sha maganar.

Mu da munka yi aikin Hajji tun ana kwana sansanin alhazai, wa ya taɓa ƙin saƙon wani? Wahalar wuni guda ce. Namiji ne, ya daure.

Maman Ilham:
Hajiya, Allah ya ja kwana, wallahi na fahimce ki, ni ma uwa ce, kuma ni ma ina jiran irin wannan jakar daga gida. Ranar da yajin mahaifiyata ya iso nan, kuka na yi kafin in buɗe. Amma bari in faɗa miki abin da nake jin yana cikin jakar nan, tunda duk iyayenmu iri ɗaya suke haɗawa: kilishi, dambun nama, man shanu, shinkafar gida kwano biyu ko uku, kuka, daddawa, yaji, turaren wuta, atamfa. To nama da duk abin da aka yi da nono, dokar Ingila ta hana shigowa da su daga Najeriya. Ba ruwansu da an busar ko an soya. In an bincika aka gani za a karɓe a zubar, in kuma bai bayyana ba yana iya shiga matsala a ranarsa ta farko, shi da ya shigo da bizar karatu. Kin ga ashe wahalar ba ta kai ga ɗiyar Gwaggo ba, kwandon shara ta kai. Shinkafa kuwa ita ce rabin nauyin, kuma shaguna sun cika da ita.

Nura Ɗan Yauri:
Anti, kifi fa? Don ni duk mai tafiya busasshen kifi nake haɗa masa, kada ku ce shi ma an hana.

Maman Ilham:
Kifi bai shiga ciki ba, Malam Nura. Busasshe ko banda an yarda mutum ya shigo da shi har kilo 20. Zuma ma an yarda har kilo 2. Sai dai a naɗe kifin sosai, leda kan leda, a rufe cikin roba mai murfi, in ba haka ba tufafinsa duka za su ɗauka.

Nura Ɗan Yauri:
Alhamdu lillahi. To Abdurrahman in motarku ta tsaya Yauri ka kira ni, kilo ɗaya kacal zan ba ka, ba zan ƙara maka nauyi ba.

Malam Isiyaku Aliero:
Akwai abin da ya fi nauyi muhimmanci, kuma ina roƙon Hajiya ta yi mini uzuri. Ba Gwaggo nake zargi ba, Allah ya kiyaye. Amma jakar da ta fito daga gida ɗaya ba lallai kayan gida ɗaya ne a ciki ba. Da maƙwabta sun ji ana haɗa saƙo, wannan ta kawo ƙulli a ba wance, wancan ya kawo magani a kwalba ba suna a jiki. A wurin auna kaya za a tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa da hannunsa. Me zai ce? Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano ba, da aka kama a Saudiyya ƙarshen 2018 saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta, alhali ba tata ba ce. Sai da ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito aka sake ta a 2019. Ita ko ganin jakar ba ta yi ba. Ina ga wanda ya ɗauko da hannunsa ya ce tasa ce?

Duk abin da zai shiga jirgi da sunanka, ka buɗe shi ka gani da idonka. Kuma ka ƙirga takardun shaidar kaya da za a manna maka a bayan tikiti, su yi daidai da yawan akwatunanka.

Hajiya Kulu Gwandu:
Wanga kam gaskiya ne Malam, ban musa ba. Buɗewa dole ce. Amma a buɗe gabanta, da ladabi, ba a bayan idonta ba. Ni abin da ban so shi ne a mai da jakar kamar yadda ta zo. Ko ƙyalle guda ne ya ɗauka, ya zan an ce ya kai.

Alhaji Garba Kamba:
Hajiya ta kawo hanya. Ni ma bari in sassauta kan tasi, tunda kun ce ko ta kai shi tasha bai huta ba. Na tuna da Umrar da munka yi da iyali, munka hau jirgin ƙasan Haramain daga cikin filin jirgin Jidda. Jirgi mai kyau, ƙasa da awa guda kana Makka. Amma babban akwati guda anka yarda kowa ya shiga da shi, kilo 25, da jakar hannu. Wasu 'yan uwanmu da sunka zo da manyan jakunkuna sai mota sunka nema. Kowane jirgin ƙasa da ƙa'idarsa. Dakta, na Leeds ɗin fa, ba shi da iyaka?

Dakta Murtala Jega:
Madalla da tambayar nan Alhaji, na so in manta. Yana da ita. Kaya uku ne iyakar mutum ɗaya, kuma kamfanin yana da girman da ya ƙayyade, ya kamata ya karanta a shafinsu kafin ya sayi tikiti. Wurin ajiye manyan akwatuna a ƙarshen tarago yake, ba shi da yawa, wanda ya riga shiga shi ke samu. Abdurrahman, ko ba jakar Gwaggo kayanka huɗu ne. Ka bar ƙaramin akwatin hannun nan a gida, ka nemi jakar goyo babba ka zuba kwamfuta, takardunka, da kaya kala ɗaya.

Tikitin Leeds kuma, tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna. Masu rahusa na jirgi ɗaya ne kamar yadda Shamsu ya faɗa, in ya wuce ka kuɗinka sun tafi. Kada ka sayi na kafin bakwai na yamma. Gara ka zauna a tasha ka jira.

Shamsu Bunza:
Akwai wata hanyar da ba a ambata ba, wadda da na sani ita zan bi. Manyan bas na tashi daga Heathrow zuwa garuruwan arewacin Ingila, wasu kai tsaye, wasu sai an canza a tashar bas ta Victoria da ke cikin Landan. Kaya a ƙarƙashin mota ake zubawa kamar luksuriyar Legas, ba rami ba matakala. Ta fi araha, amma awa biyar ce ko fiye, zai shiga Leeds tsakar dare.

Maman Ilham:
Shi ya sa ban kawo ta ba. Baƙo ko da ido makaho ne, balle ƙarfe ɗayan dare, ga sanyi, ga wanda zai ba shi makullin ɗaki ƙila ya tashi. In da safe yake sauka, da bas zan ce ya hau ba tare da wani tunani ba. Ƙanena, ka rubuta wa masu gidan da za ka zauna tun yau, ka gaya musu wajen goma na dare za ka iso, su faɗa maka yadda za ka karɓi makulli.

Abdurrahman Argungu:
Na rubuta duka. Saura biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasan. Katin bankina na naira zai yi?

Dakta Murtala Jega:
Kada ka dogara da shi. Wani yana yi, wani ba ya yi, kuma bakin ƙofar tasha da mutane a bayanka ba wurin gwaji ba ne. Ka riƙe fam a hannu, ka sayi katin Oyster a na'urar da ke tashar, ana biyan kuɗin katin kansa daban sannan ka zuba masa kuɗi. Akwai ma'aikata a wurin, ka ce su nuna maka, aikinsu ne. Ka taɓa katin a kan rawayen da'irar nan lokacin shiga, ka sake taɓawa lokacin fita, in ka manta za a cire maka kuɗi mafi yawa. Ka nemi ƙofa mai faɗi, tana gefe, ita aka yi wa masu kaya da keken yara. Ƙananan suna rufewa da sauri, suna iya datse akwati a tsakiya. Bas ɗin cikin Landan kuma ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kati kawai.

Alhaji Garba Kamba:
Wurin canjin kuɗi nan fagena ne. In ka je Zone 4 a Abuja, ka duba takardun da za a ba ka. Fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun ƙarshen Satumban 2022, na roba ake karɓa yanzu, masu santsi da ɗan wuri da kake hango hannunka ta ciki. Kada ka karɓi tsoho ko an rage maka farashi. Kuma ka nemi ƙananan, goma-goma da ashirin-ashirin, hamsin ba kowane shago ke son ta ba.

Malam Isiyaku Aliero:
Sallah kuma. Akwai ɗakin ibada a filin jirgin, ka bi alama ko ka tambaya. Kai matafiyi ne, ka haɗa azahar da la'asar ka yi kasaru kafin ka gangara, ka kama ruwa a can, domin jiragen ƙarƙashin ƙasa ba su da banɗaki. Magariba da isha ka haɗa in ka isa.

Maman Ilham:
Ƙarin abu biyu ƙanana. Akwati mai taya huɗu gudu yake da kansa in jirgi ya taka burki, ka sa ƙafa ka tare ko ka riƙe hannunsa. Sannan akwai intanet kyauta a filin jirgi, kafin ka sauka ƙasa ka kira gida, ka ɗauki hoton taswirar layin da tikitinka ka ajiye a waya, domin a cikin rami sabis yana ɗaukewa. Ka duba kuma ko layin yana aiki a ranar, wani lokaci ana rufe wani sashe don gyara, galibi Asabar da Lahadi.

Maganar abinci kada ta dame ka. Kasuwar Kirkgate tana tsakiyar gari, unguwar Harehills kuma cike take da mahautan halal da shagunan kayan Afirka. Manja, gari, doya, attarugu duk akwai. Abin da ba za ka samu kamar na gida ba shi ne yaji da daddawa da kuka mai kyau, su kuwa ba su da nauyi.

Hajiya Kulu Gwandu:
To Abdurrahman, ka ji. Ka sa Innarka ta raka ka gidan Gwaggo, kada ka tahi kai ɗai. Babba ke gaya wa babba irin wagga magana.

Abdurrahman Argungu:
Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da dare na iso Leeds lafiya, yanzu na samu layin waya.

Yadda aka yi: ranar Asabar muka je gidan Gwaggo da Inna, aka buɗe jakar a tsakar ɗakinta. Anti Maman Ilham kamar kina wurin. Shinkafa kwano uku, kilishi, man shanu cikin galan ƙarami, kuka, daddawa, yaji, turaren wuta, atamfa turmi biyu, kayan jarirai. Akwai kuma ƙulli biyu da ita kanta Gwaggo ba ta san abin da ke ciki ba, wata maƙwabciya ce ta kawo, an mayar mata. Na cire takalmana biyu da wasu littattafai daga akwatina, na zuba atamfa, kayan jariran, turaren, yaji, kuka da daddawa. Kilo shida suka kama. Kifin Malam Nura ma ya shiga, na gode.

Layin shige da fice ya ci awa ɗaya da rabi. Na yi sallah, na sayi Oyster, wata ma'aikaciya ta nuna mini ƙofa mai faɗi. Jirgin ya zo babu kowa kamar yadda Dakta ya ce. Cikar da ya yi daga baya kuwa ban taɓa ganin irinta ba sai ranar kamun kifi a Matan Fada. Na miƙe tun Russell Square, wani saurayi ya sauko mini da akwati ɗaya ba tare da na roƙa ba. Lifta na jira har zagaye uku saboda masu keken yara, na tuna Shamsu na haƙura. Tafin hannuna duka biyu sun yi ja, kafaɗata har yanzu ciwo take. Da akwai na uku, ban san yadda zan yi ba.

Mijin ɗiyar Gwaggo zai zo ranar Asabar ya karɓi saƙon. Abin da ke damuna shi ne man shanun. Ashe da hannunta ta soya shi, kwana biyu tana yi, saboda ɗiyar tata ta haihu. Da aka fitar da shi ba ta ce komai ba, ta ɗauka ta kai ɗaka. Ranar da zan taho ta yi mini addu'a, amma ba ta fito rakiya ba.

Dakta Murtala Jega:
Barka da isowa. Ka shafa man zafi a kafaɗar, kwana biyu za ta saki.

Hajiya Kulu Gwandu:
Barka da sauka ɗana, Allah ya ba da abin da anka je nema. Gwaggo ba fushi take da kai ba, kewar ɗiyarta ce. Ranar Asabar in mijin ya zo, ka ce ya kira matatai ta bidiyo, ku haɗa da Gwaggo, ta ga kayan jariran a hannunsa. Kafin nan kai ka kira ta gobe da safe da bakinka, ba saƙon murya ba. Ka tambaye ta yadda ake dafa miyar kuka, ko ka iya.

Maman Ilham:
Sannu da hanya ƙanena. Kana da bargo? Ɗakunan ɗalibai da yawa katifa kawai ake ba mutum. Baban Ilham zai shigo gari bayan la'asar, turo masa adireshin ta akwatin saƙo, akwai bargo da tukunya ɗaya da ba ma amfani da su.